Amfili mai ƙarfi yana ɗaukewa da rana, yana ƙonewa wajen juya moter: amsa ga wani mai naɗin taransifoma a Maradi

Wani matashi mai shagon naɗin taransifoma a nan Maradi ya aiko da tambaya, ga ta a taƙaice. Ya haɗa na'urar naɗa waya wadda ƙaramin moter na volt 12 ke juyawa, moter ɗin yana jan amfiya 2 idan yana aiki, kuma domin ya riƙa sarrafa gudunsa, ya juya shi gaba ko baya, sai ya yi amfani da OPA549, ɗaya daga cikin amfili masu ƙarfi, wato na'urorin ƙara ƙarfin sigina, waɗanda takardun kamfanoni ke kira op-amp. Ya ciyar da shi da layin +24 da layin −24 daga taransifoma mai fitar da 18 da 18, ya haɗa ƙafar ILIM, wadda ke tsayar da iyakar kuran, kai tsaye da ƙafar Ref, wadda ake auna iyakar daga gare ta, ya ɗaure amfilin a jikin guntun alminiyom cikin akwatin ƙarfe. Da safe na'urar tana aiki lafiya, da azahar sai ta riƙa ɗaukewa tana dawowa, musamman idan ya rage gudu. Amfilin farko da ya sa kuwa ya ƙone ne a daidai lokacin da ya juya moter baya yana cikin gudu. Yana tambaya: tunda takarda ta ce amfilin yana ɗaukar amfiya 8, me ya sa amfiya 2 ta gagare shi, ko kuwa jabu aka sayar masa?

Ƙanena, jabu yana nan a kasuwa, kuma zan taɓo shi a gaba, amma duk abin da ka kwatanta, amfili na gaskiya ma haka zai yi a cikin wannan haɗin naka. Lambobin da ke shafin farko na takardar OPA549, wato amfiya 8 a kai a kai, amfiya 10 na ɗan lokaci, da ciyarwa har volt 60 tsakanin layukan biyu, kowacce gaskiya ce ita kaɗai, sai dai ba a samun su gaba ɗaya a lokaci guda. Abin da ke ƙayyade rayuwar amfili shi ne zafin da ke tasowa a cikinsa, shi kuwa wannan zafi ba kuran ɗin da ke fita kaɗai ke kawo shi ba. Ana samun sa ne idan aka ninka kuran ɗin, wanda ake aunawa da amfiya, da tansiyon, wanda ake aunawa da volt, da ya rage a kan taransiston mafita, wato bambancin da ke tsakanin layin ciyarwa da abin da ya isa ga moter.

Mu yi lissafin da lambobinka. Idan moter yana karɓar volt 12 daga layin volt 24, saura volt 12 suna zaune a kan taransiston da ke cikin amfilin, ka ninka da amfiya 2 ka sami wat 24 na zafi tsantsa, daidai da abin da moter ɗin kansa yake ci. Ƙara da ɗan kuran da amfilin ke ci don kansa ko da ba ya aikin komai, wanda a wannan ciyarwar ya kai wat ɗaya da ɗoriya. Yanzu ka rage gudu, kamar yadda kake yi idan kana naɗa siririyar waya ko ka zo ƙarshen layi. Nauyin da moter ke ja bai ragu ba, saboda haka kuran yana nan wajen amfiya 2, amma tansiyon mafita ya sauko, mu ce volt 5. Saura volt 19 a kan taransisto, zafi ya zama wat 38. Wannan shi ne dalilin da na'urarka ta fi ɗaukewa idan ka sassauta mata, abin da ya ba ka mamaki domin kana ganin a lokacin ne ya kamata ta huta. Amfilin irin wannan yana rage gudu ne kamar ɗan kabu-kabun da ya murɗe totur har ƙarshe yana daidaita tafiya da birki: duk ƙarfin da bai je ga taya ba, birkin ne ke shan sa.

Ga wanda lodinsa rezistans ne zalla akwai gajeriyar hanya. Zafi yana kai ƙololuwa ne a lokacin da mafita take rabin layin ciyarwa, kuma yawansa shi ne tansiyon layin a ninka shi da kansa, a raba da ninki huɗu na rezistans ɗin: volt 24 a kan om 8 ya ba da wat 18. Idan siginar sauti ce mai hawa da sauka a kan lodi iri ɗaya, abin ya ɗan yi sauƙi, wajen wat 14.6. Moter kuwa ba ya bin wannan ƙa'ida, domin kuran ɗinsa nauyin aiki ne ke yanke shi, ba tansiyo kaɗai ba, shi ya sa dole ka yi lissafinsa a wurin da ya fi tsanani, wato ƙaramin gudu da babban nauyi.

To, ina wat 38 ɗin za su je? Zafin yana tasowa daga ƙwayar silikon da ke tsakiyar amfilin, ya bi ta ƙarfen bayansa, ya ratsa maika, wato siririn faifan da ke hana wuta ratsawa, da man shafawa, ya shiga radiyeta, wato alminiyom ɗin da ke kwashe zafi, sannan ya fita cikin iska, kuma kowane mataki yana da nasa tsaiko wanda ake aunawa da digiri a kan kowane wat. Daga silikon zuwa ƙarfen baya, OPA549 yana da digiri 1.4 a kowane wat. Maika da man shafawa, idan an yi aikin da kyau, mu ɗauka 0.6. Kamfanin ya ba da shawarar kada silikon ya wuce digiri 125 idan ana son amfilin ya daɗe, ko da yake iyakarsa ta ƙarshe 150 ce. Sai kuma zafin iska, kuma a nan ne Maradi take shigowa cikin lissafi. Yawancin misalan da ke cikin littattafai suna farawa ne daga ɗaki mai digiri 25, alhali a watannin Afrilu da Mayu zafin garin nan yana haura 40 a inuwa, shago mai rufin kwano ya fi haka, cikin rufaffen akwatin ƙarfe wanda taransifoma ke ciki kuwa digiri 55 ba abin mamaki ba ne. Daga 55 zuwa 125 saura digiri 70. Ka raba 70 da wat 39 ka sami 1.8 a kowane wat, alhali amfilin da maikarsa kaɗai sun riga sun cinye 2.0. Ma'ana, a wannan haɗin, babu radiyetar da za ka saya, komai girmanta, da za ta riƙe silikon a ƙasa da 125 da azahar. Da safe, kafin shago da akwati su ɗauki zafi, kana tsira da kyar ne, shi ya sa kake ganin kamar komai lafiya.

Ɗaukewa da dawowar da kake gani aikin kariyar zafi ce da ke cikinsa. Idan silikon ya kai wajen digiri 160 amfilin yana kashe mafitarsa, idan ya huce zuwa wajen 140 ya sake kunnawa. Wannan kariya an sa ta ne don haɗari, kamar gajeren haɗi ko fankar da ta mutu, ba don a riƙa aiki a bakinta kullum ba, domin silikon da ke kai da komo tsakanin 140 da 160 yana tsufa da wuri ko da bai ƙone a ranar ba. Tansiyon ƙafar E/S, wadda ke nuna halin da amfilin yake ciki, yana faɗuwa ƙasa duk lokacin da kariyar ta tashi, saboda haka yana da kyau ka rataya mata ƙaramar fitila ta hanyar taransisto, ka riƙa sanin cewa zafi ne ya tsayar da na'urar ba wata waya ce ta saki ba.

Magani na farko, wanda ya fi kowanne tasiri, shi ne ka rage layin ciyarwa. Moter na volt 12 ba ya buƙatar volt 24. Amfilin yana riƙe wajen volt 3 tsakanin layi da mafita a kuran na amfiya 2, sannan akwai ɗan faɗuwar da ake samu tsakanin cikar kondansa da cika ta gaba, wadda a wutarmu mai hertz 50, da kondansa mai mikrofarad 10,000 a kan amfiya 2, take kai wajen volt 2. Taransifoma mai 12 da 12, wadda ta fi yawa a kasuwa, za ta ba ka wajen volt 16 a ƙololuwa, ta ɗan gaza kai moter cikakken gudunsa. Mai 14 da 14 za ta ba ka wajen volt 18, wanda ya dace sosai, kuma tunda naɗi sana'arka ce, ba sai ka je neman ta ba. A layin volt 18, ƙaramin gudu yana barin volt 13 a kan taransisto, wat 26, da abin da amfilin ke ci mu ce 27. Idan kuma ka fito da radiyetar waje, ko ka sa fanka ta riƙa jawo mata iskar shago mai digiri 45 maimakon ta cikin akwati, saura digiri 80, ka raba da 27 ka sami kusan 3, ka cire 2.0, radiyetar tana buƙatar ta zama wajen digiri ɗaya a kowane wat. Guntun alminiyom marar haƙora bai kusa da haka ba, amma radiyetar da ke kan kwakwalwar tsohuwar kwamfutar tebur, tare da fankarta, ta isa har da rara, kuma masu gyaran kwamfuta suna da su jibge.

Wajen ɗaure amfilin a radiyeta ne ake yawan ɓata lissafin da aka yi daidai a takarda. Ƙarfen bayan OPA549 a haɗe yake da layin V−, wato layin ciyarwa mai alamar ragi, ba da mas ba, wato layin volt sifili, haka ma OPA548 da LM3886 mai ƙarfen baya a buɗe. Idan ka ɗaure shi tsirara a radiyetar da ke taɓa akwati, ka haɗa layin V− da mas ke nan. Saboda haka ko dai ka sa maika da zoben roba a wuyan kusar, ko ka bar amfilin ya taɓa radiyeta kai tsaye amma ka ware radiyetar kanta daga akwatin, wanda ya fi fitar da zafi sai dai yana buƙatar kula kada hannu ko sukundireba ya haɗa ta da wani abu. Bayan ka huda ramin kusa, ka shafa yatsa a bakinsa, za ka ji ɗan tudun ƙarfen da bakin rawar huji ya tayar. Wannan ɗan tudu yana ɗaga amfilin ta gefe guda ya bar iska a ƙarƙashinsa, wani lokaci ma ya huda maikar, saboda haka ka kankare shi da babban bakin huji ko fayil har wurin ya yi sumul. Farin man shafawa kuma ɗan kaɗan ake sawa, gwargwadon yadda zai cike ƙananan ramukan da ido ba ya gani, domin idan ya yi kauri shi kansa ya zama shinge. Ka ɗaure kusa kafin ka liƙa ƙafafu da dalma, don kada ɗaurin ya ja ƙafafun, sannan ka auna da mita tsakanin ƙarfen baya da radiyeta ka tabbatar babu haɗi kafin ka ba da wuta. Ka tsayar da haƙoran radiyetar a tsaye yadda iska mai zafi za ta bi ta tsakaninsu ta tashi. Da hunturu kuwa ƙura takan cike tsakanin haƙoran ta danƙare, radiyetar da ta isa a watan Nuwamba ta kasa a watan Afrilu, don haka hure ta yana cikin aikin na'urar.

Yanzu mu zo kan amfilin da ya ƙone, wanda labarinsa daban ne. Moter da ke juyawa yana haifar da tansiyo na kansa, mai adawa da wanda ake ba shi. Ba ka faɗi rezistans na naɗin moter ɗinka ba, ka auna shi da mita kana ɗan juya sandarsa da hannu, domin gawayin da ke ciki yana sa lambar ta riƙa canzawa, amma bari mu ɗauka om 2. A volt 12 da amfiya 2, naɗin yana cin volt 4, saura volt 8 su ne moter ke haifarwa. Da ka juya umarni nan take zuwa −12, moter bai tsaya ba tukuna, volt 8 ɗinsa suna nan, sai suka haɗu da 12 na amfili suka zama 20 a kan om 2, wato amfiya 10. Ƙafar ILIM da ka haɗa kai tsaye da Ref kuwa ta buɗe iyakar kuran har ƙarshe, wajen amfiya 10 ɗin nan, saboda haka babu abin da ya tare shi. Taransiston ɓangaren V− ya ɗauki volt 12 da amfiya 10, wat 120. A cikin takardar amfilin akwai zanen da ake rubuta wa SOA, wanda ke nuna kuran nawa aka yarda da shi a kowane tansiyon da ke kan taransisto, kuma idan ka raba tazarar da ke tsakanin 150 da zafin ƙarfen baya da 1.4 za ka ga inda layukansa suka fito: wajen wat 90 idan ƙarfen baya yana digiri 25, wajen 46 idan ya kai 85. Kai kuwa ka ɗora masa 120 alhali ya riga ya yi zafi. A wasu amfilin ma, kamar PA12 na kamfanin Apex, zanen yana ƙara karyewa ƙasa a babban tansiyo, saboda kuran yana taruwa a ɗigo ɗaya na silikon ya huda shi tun kafin sauran jikin ya ɗumama, kuma babu radiyetar da ke maganin wannan.

Iyakar kuran a OPA549 rezistans ɗaya ƙarami ne ke tsayar da ita, tsakanin ILIM da Ref, kuma babban kuran ba ya bi ta cikinsa, saɓanin OPA541 wanda nasa rezistans ɗin yake ɗauke da dukan kuran na mafita, dole ya zama mai ƙarfi. Lissafin shi ne ka raba 75,000 da amfiyar da kake so, ka cire 7,500. Don amfiya 3 ka sami om 17,500, kilo-om 18 na kasuwa zai ba ka kusan 2.9, wanda ya ishi moter mai cin amfiya 2 ya tashi da lodi. Sai dai kada ka ɗauka iyakar ita kaɗai ta gama magana. Ko da amfiya 3 a layin volt 18, a farkon juyawa mafita tana tsaye wajen +2, taransiston V− yana ganin volt 20, wat 60 ke nan, daidai bakin abin da amfili mai zafin digiri 70 zai iya jurewa. Abin da ya fi shi ne kada umarnin ya yi tsalle. Ka sa rezistans da kondansa a mashiga yadda tansiyon umarni zai ɗauki daƙiƙa ɗaya ko biyu kafin ya tashi daga wannan gefe zuwa wancan, moter ya sami lokacin rage gudu, tansiyonsa ya sauka tare da shi. Wayar da kake naɗawa ma za ta daina tsinkewa wajen juyi.

Akwai kuma abu na biyu da zai iya zama shi ne ya ƙarasa amfilin. Naɗin waya ba ya yarda a katse masa kuran farat ɗaya. Idan amfilin ya kashe mafitarsa, ko don kariyar zafi ko don gawayin moter ya yi tsalle, naɗin yana tura tansiyo ya haura layin ciyarwa yana neman hanya, ya bi ta cikin silikon ta inda ba a tanada ba. Maganinsa diyod biyu ne, ɗaya daga mafita zuwa V+, ɗaya daga V− zuwa mafita, dukansu a juye yadda ba sa aiki sai mafita ta ƙetare layi. Su zama masu saurin farfaɗowa, irin MUR420 mai amfiya 4 da volt 200. 1N4007 da ke cikin kowane aljihun tebur amfiya ɗaya ce kuma ba ta da sauri, ba ta dace da wannan wuri ba. Sannan ka tuna cewa ƙarfin da diyod ɗin suka kwashe yana zuba ne a cikin kondansar ciyarwa, ita kuwa gadar diyod ta taransifoma ba ta mayar da wuta baya, don haka layin yana kumbura na ɗan lokaci. Manyan kondansa suna shanye yawancinsa, diyod mai danne tsallen tansiyo a kan kowane layi ya tare saura. Wannan yana da muhimmanci musamman ga mai ciyarwa kusa da iyakar volt 60, domin taransifoma ba ta daidaita komai: idan wutar gari ko ta janareta ta hau da kashi goma cikin ɗari, layukanka ma haka za su hau, kuma sun fi hawa idan moter yana tsaye. Saukowa zuwa volt 18 ya ba ka fili a nan ma.

Sai batun kaɗawa, wanda ba ka tambaya ba, amma yana iya kasancewa cikin zafin da kake ji. Amfili mai ƙarfi yakan shiga kaɗawa shi kaɗai a ɗaruruwan kilohertz ko fiye, mita ba ta gani, moter ba ya ji, amma amfilin yana ta zafi ba tare da lodi ba. Alamarsa ita ce ka tsayar da moter, umarni yana sifili, ka ji radiyeta tana ci gaba da ɗumama, ko ka ga lambar mita ta motsa don kawai ka kai hannu kusa da wayoyi. Osiloskof ne ke nuna shi sarai, idan babu kuwa, ƙaramar rediyo a zangon AM da aka kawo kusa takan kama shi. Abin da ke kawo shi galibi shimfiɗar wayoyi ce. Kowane layin ciyarwa yana son kondansar seramik mai mikrofarad 0.1 a gindin ƙafar amfilin, ƙafafunta gajeru ƙwarai, da wata babba kusa da ita, wajen mikrofarad 10 ga kowace amfiya, ban da manyan da ke wajen taransifoma. Wayar da ke dawo da kuran daga moter ta tafi ita kaɗai zuwa tsakiyar manyan kondansa, mas na mashiga shi ma ya bi tasa wayar zuwa wuri guda ɗin. Idan suka yi tarayya a waya ɗaya, ko da rezistans ɗinta bai wuce om 0.05 ba, amfiya 2 ta haifar da volt 0.1 a kanta, amfilin ya ɗauke shi a matsayin umarni ya ninka. Rezistans na komawa daga mafita zuwa mashiga mai alamar ragi ya zauna dab da ƙafafun, kuma wayoyin moter su bi nesa da na mashiga, a murɗe su biyu tare. A mafita ka sa rezistans na om 3 zuwa 10 a jere da kondansa mai mikrofarad 0.01 zuwa 0.1 zuwa mas, domin a babban hertz naɗin moter yana zama kamar babu lodi, wannan ƙaramin reshe ne ke riƙe amfilin. Idan ka taɓa wannan rezistans ka ji shi da zafi alhali na'urar wutar DC, wato marar hawa da sauka, kawai take fitarwa, to kaɗawa ce. Ka kuma tabbatar ka haɗa dukan ƙafafun da aka ninka, domin mafita da V+ da V− kowanne ƙafa biyu gare shi a OPA549, kuma kamfanin ya ce a haɗa su duka.

Wani abin lura ga ranar da za ka rasa OPA549 ka nemi madadi: shi yana zaune lafiya ko da ninkinsa, wato sau nawa yake ninka tansiyon umarni, ɗaya ne, amma LM675 da LM1875 da LM3886 an gina su ne don ninki 10 ko fiye, idan ka sa su a ninki biyu ko uku kaɗawa za su yi komai kyan shimfiɗarka. TDA2030 ma yana da nasa mafi ƙarancin ninki, ga shi ciyarwarsa ba ta wuce 18 da 18 ba, saboda haka ba a cire wannan a dasa wancan don kawai ƙafafunsu sun yi kama.

Batun jabu kuwa, alamunsa sanannu ne: rubutun da ke gogewa da tina, ƙafafun da ke nuna an taɓa liƙa su aka sake wanke su da dalma, ƙarfen baya mai karce, ko farashin da ya yi araha fiye da hankali. OPA549 asalinsa na kamfanin Burr-Brown ne na Amurka, wanda Texas Instruments ya saye a shekarar 2000, don haka ganin tambarin ɗaya daga cikin biyun ba shi ne shaidar jabu ba. Gwajin da na fi yarda da shi shi ne na iyakar kuran: ka sa kilo-om 18 ɗin, ka ɗora rezistans mai ƙarfi na om 2, ka ɗaga umarni a hankali kana duban mita. Na gaskiya zai tsaya cak a wajen amfiya 3 ko da ka ci gaba da ɗagawa.

A ra'ayina, idan da sabuwar na'ura za ka fara, ba amfili irin wannan zan ba ka shawara ba. Gadar taransisto huɗu mai kunnawa da kashewa da sauri, dabarar da ake kira PWM, tana sarrafa moter na amfiya 2 gaba da baya da ɗan zafin da ƙaramar radiyeta ta isar masa, daga layi ɗaya na volt 12, wanda ko batir na sola zai iya bayarwa. Amfili mai ƙarfi ya fi cancanta inda ake buƙatar wuta mai santsi marar hayaniya, kamar na'urorin awo, ko wutar gwaji ta kan tebur, ko lodin da ake son a tsayar masa da kuran daidai wa daida. Amma tunda ka riga ka saya ka haɗa, kuma naɗin siririyar waya yana jin daɗin gudu mai santsi, gyaran da na lissafa ya fi sake gini araha.

Ranar da za ka sake kunnawa, ka sa ƙwan fitila mai zare na wat 60 a jere da wayar 220 ta taransifoma, kuma ka cire moter tukuna. Ƙwan zai haska ya dushe idan kondansa sun cika, idan ya ci gaba da haske akwai gajeren haɗi, ka kashe ka duba maikar da diyod ɗin. Idan ya dushe, ka auna layukan biyu, ka juya umarni ka ga mafita tana bin sa zuwa kowane gefe, sannan ka cire ƙwan, ka sa fiyus a kowane layi, ka mayar da moter. Gwajin zafi kuwa da azahar za ka yi shi, akwati a rufe kamar yadda zai zauna kullum, moter a ƙaramin gudu yana jan waya mafi kauri da kake naɗawa, na tsawon rabin awa aƙalla. Ka manna wayar auna zafi ta mita a ƙarfen bayan amfilin, ba a bakin haƙoran radiyeta ba, ka auna tansiyon layi da na mafita da kuran a lokaci guda, ka fitar da wat ɗin, ka ninka da 1.4, ka ƙara a kan abin da mita ta nuna. A wat 27, ƙarin ya kai digiri 38, saboda haka ƙarfen baya bai kamata ya wuce 87 ba. Idan a watan sanyi ka yi gwajin, ka ƙara bambancin zafin ranar da na watan Mayu a kan lambar kafin ka yanke hukunci, idan ta haura 87 ka ƙara girman fanka ko ka rage wasu zagaye daga naɗin taransifomar.